Masu Kiwon Murjani a Gilashi da Tsohuwar Rigimarsu da Gansakuka

Cikin masu kiwo, da wuya a sami wanda ya ɗora wa kansa wahala kamar mai kiwon murjani a ɗaki. Mutum ne zai sayi tankin gilashi, ya dama ruwan gishiri da hannunsa, ya jera duwatsu, ya rataya fitilu masu hasken da ya kusa na rana, ya kunna famfuna suna kaɗa ruwa dare da rana, duk don wasu 'yan halittu da asalin gidansu tekun Indonesiya ne ko Fiji ko Bahar Maliya. Wannan murjanin dangi ne na jan murjanin da mata ke ratayawa a wuya, wanda fatake suka daɗe suna ƙetaro Sahara da shi daga Bahar Rum, sai dai shi mai rai ne. Ƙananan dabbobi ne da ke zama dubbai a wuri guda, suna gina wa kansu gida mai tauri kamar dutse. A Jamus ko Amurka ko Japan, inda sana'ar ta yi ƙarfi, idan aka lissafa abubuwan da ke sa mutum ya haƙura ya sayar da tankinsa, gansakuka tana sahun gaba.

Kashi-kashi take zuwa. A makonnin farko wata ƙura mai ruwan ƙasa ce ke lulluɓe yashi da gilashi. Tana lafawa sai koriya mai siraran zare ta tsiro a kan duwatsu, ta yi tsawo, ta nannaɗe murjani ta shaƙe shi. Akwai mai fitowa ƙwallo-ƙwallo tana ƙyalli, akwai ja mai yauƙi da ke shimfiɗuwa a kan yashi, wadda a wurin masana ma ba gansakuka ba ce, bakteriya ce.

Mai tankin ruwan sha a bayan gida, in gansakuka ta dame shi, dabara biyu gare shi: ya rufe tankin rana ta daina shiga, ko ya zuba magani. Mai murjani an hana shi duka biyun. A cikin naman murjanin ƙasashe masu zafi akwai wata gansakukar, ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, waɗanda wani masani Bajamushe, Karl Brandt, ya raɗa wa suna zooxanthellae a 1881. Su ne ke karɓar haske su haɗa abinci, su ba murjani mafi yawan abin da yake rayuwa a kai. In suka fita sai ya yi fari fat, in ba su dawo ba ya mutu. Saboda haka hasken da ke ciyar da abin so shi ke ciyar da abin ƙi, kuma gubar da za ta kashe ta waje ba ta barin ta ciki. Duk wata dabara da aka ƙirƙiro a sana'ar, daga wannan tsaka mai wuya ta fito.

A farkon lamarin ma ba a ɗauki ciyawar teku abokiyar gaba ba. A 1846 wata Baturiyar Ingila, Anna Thynne, matar wani babban malamin majami'ar Westminster, ta tsinto murjanin ruwan sanyi a gaɓar Torquay ta tafi da shi Landan. Sauya ruwan teku a tsakiyar Landan abu ne mai tsada, don haka ta sa 'yar aikinta tana juye ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a bakin taga kowace rana, iska ta shige shi. A 1847 ta sa aka kawo mata duwatsu da ciyawar teku a jikinsu, ta zuba a tare da dabbobin, kuma ta riƙe su da rai na shekaru. Abin da ake nema wurin ciyawar shi ne iskar oksijin da take saki in haske ya taɓa ta.

Wanda ya fara rubuta labarin rigimar shi ne Robert Warington, masanin sinadarai a Landan. A 1849 ya zuba ruwan daɗi a wani gilashi mai cin galan 12, ya sa jajayen kifaye biyu da tsiro mai suna Vallisneria, yana so ya nuna cewa tsiro da dabba za su iya riƙe juna ba tare da an sauya ruwa ba. Abin ya tafi daidai har tsofaffin ganyayen suka fara ruɓewa. Ruwa ya gurɓace, kore mai yauƙi ya rufe gilashi da saman ruwa. Maimakon ya zubar ya sake sabo, sai ya tsinto dodannin koɗi biyar ko shida na tafki ya jefa ciki. Suka cinye ruɓaɓɓen ganye da koren, ruwa ya washe, har ƙwayayensu suka zama abincin kifin. Ya karanta rahoton a gaban ƙungiyar masana sinadarai ta Landan a 1850. Abin da ya gano a wannan ɗan gilashi, cewa ba a korar gansakuka sai dai a samo mai cin ta, har yau shi ne rabin ilimin sana'ar.

Philip Henry Gosse ne ya mayar da abin yayi. Shi ya riƙa aiko da halittun teku daga Weymouth zuwa gidan kifin da aka buɗe a gidan namun daji na Landan a 1853, wanda shi ne irinsa na farko da jama'a ke shiga kallo, kuma littafinsa The Aquarium na 1854 ya samu kasuwa sosai. An soke harajin gilashi a Ingila a 1845, jirgin ƙasa ya kusanto da gaɓar teku, sai kowane gidan masu hali ya so tankinsa a falo. Gosse ya ba da shawarar a sa koriyar ciyawar teku mai faɗin ganye don iska, a sa ƙananan dodannin koɗin gaɓa don shara. Ya zauna da madubin ƙara girma yana kallon yadda harshensu mai ƙananan haƙora ke kankare kore daga jikin gilashi, layi bayan layi.

Yayin bai daɗe ba. Mutane sun ajiye tankuna a bakin taga don ciyawa ta samu rana, rana kuwa ta dafa ruwan ta mai da shi kore shar, dabbobi suka mutu, falo ya ɗauki wari. Wanda ya fi jin jiki shi ne gaɓar tekun kanta. Ɗan Gosse, Edmund, ya rubuta a 1907 cewa masu tsince-tsince sun wawashe kududdufan duwatsun da mahaifinsa ya tallata wa duniya, har babu sauran abin kallo.

Manyan gidajen kallon kifi sun fita daga matsalar ta wata ƙofa. William Alford Lloyd, wanda ya fara da shagon sayar da kayan tanki a Landan kafin ya tsara gidan kifi na Hamburg da na Crystal Palace da aka buɗe a 1871, ya daina dogara ga ciyawa. Ya gina manyan rumbunan ruwa a ƙarƙashin ƙasa, cikin duhu, injin tururi yana zagaya ruwan daga can zuwa tankunan kallo ya komo. Motsi ya ba ruwa iska, duhu ya hana kore tasowa. Da wannan tsari aka gina gidan kifi na Naples a Italiya, wanda aka buɗe a 1874 kuma yana nan har yau. Dabarar ta yi wa kifi da ƙaguwa da dorinar ruwa daidai. Murjanin ƙasashe masu zafi kuwa ba ta yi masa komai ba, kuma kusan shekara ɗari aka yi ana ganin riƙe shi da rai a tanki abu ne da ba zai yiwu ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu jiragen sama suka fara kawo kifaye masu launi daga Filifin da Siri Lanka da Florida. Tankin wancan zamani wurin tsafta ne irin ta asibiti: kifi, farin yashi, da gawar murjani da aka busar don ado. In kore ya hau ta, sai a ciro ta a jiƙa a ruwan bilic, a ɗauraye, a shanya a rana, a mayar. Ana zuba maganin jan ƙarfe don cututtukan kifi, shi kuma yana kashe gansakuka da dodon koɗi da duk wani abu marar ƙashin baya. Tankin yana da kyan gani na mako biyu, daga nan a koma wanki.

A Jakarta ne wani ya ƙi wannan hanya. Lee Chin Eng ya wallafa bayanin tsarinsa a mujallar Tropical Fish Hobbyist a 1961: ruwan teku yadda yake, duwatsun da aka ɗebo daga teku da duk abin da ke jikinsu, hasken rana, da ɗan famfon iska. Babu matata, babu magani. Hotunan tankunansa cike da murjani mai rai sun ba mutane mamaki, amma waɗanda suka kwaikwaye shi a Turai da Amurka yawanci sun sha ƙasa, domin dutsen da ya kwana uku a hanya rabin abin da ke jikinsa ya mutu, yana shiga tanki sai ruɓa. An daɗe ana yi masa kallon mai sa'ar zama kusa da teku kawai. Daga baya aka gane yana da gaskiya: wannan dutse mai ramuka gida ne na bakteriyar da ke sarrafa ƙazantar kifi, da ƙananan halittu masu kiwo a kan gansakuka tun tana jaririya.

Jamusawa ne suka haɗa tunanin Lee da injiniyanci. A shekarun 1970 littattafan Peter Wilkens da gwaje-gwajen ƙungiyar masu tankin teku ta Berlin suka haifar da abin da ake kira tsarin Berlin: dutse mai rai, fitila mai ƙarfi, ruwa mai motsi, da na'urar kumfa. Ita wannan na'ura dogon bututu ce da ake hura ƙananan kumfa a ciki. Dattin da ya narke a ruwa yana manne wa kumfar, ta hau da shi sama ta zube a wani kofi, baƙi-baƙi mai ɗoyi, kafin ya ruɓe ya zama abincin gansakuka. Wajen 1980 wani ɗan Berlin, Dietrich Stüber, ya ga reshen murjani na jinsin Acropora ya tsiro daga dutsen tankinsa yana girma. An yi ta karya rassansa ana rabawa, kuma jikokinsa suna cikin tankuna a ƙasashe da yawa.

A nan ne maganar ta koma kan yunwa. Abin da gansakuka ke ci ba wani baƙon abu ba ne, naitirojin da fosfaras ne, wato haruffa biyu na farko da ke jikin buhun takin NPK. Ruwan da murjani ke so kusan babu su a ciki, shi ya sa yake garau. A tanki kuwa kowane ɗan abincin kifi da aka yafa taki ne, kashin kifi taki ne, kuma babu igiyar ruwa da za ta tafi da shi. Har ruwan famfo ya zama abin zargi, domin a birane da yawa na Turai da Amurka hukumomin ruwa suna zuba fosfet da gangan don kada dalmar tsofaffin bututu ta narke a ruwan sha. Daga nan matatar da ke tace ruwa har ya zama babu komai cikinsa ta zama dole ga duk mai murjani, sannan aka zo da tsakuwar tsatsar ƙarfe mai kama fosfet.

Teku da kanta ta ba da darasi biyu a wannan tsakani. A mashigin Kaneohe na Hawai, ƙazantar gari da ake zubarwa ta sa wata koriyar gansakuka mai ƙwallo-ƙwallo ta danne murjani. Da aka karkatar da bututun zuwa teku mai zurfi a 1977 da 1978, ta ja baya, murjani ya fara farfaɗowa. Na biyun ya fi tsanani. A farkon 1983 wata annoba ta ɓulla kusa da Panama ta faɗa wa baƙar bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, Diadema antillarum, wadda ke fita da dare tana kankare duwatsu. Cikin shekara guda da 'yan kai fiye da kashi 90 cikin ɗari nata sun mutu a faɗin tekun Karibiyan. A Jamaika, inda masunta suka riga suka kwashe kifayen da ke cin ciyawa, kuma guguwar Allen ta 1980 ta kakkarya murjani, babu sauran mai kiwo. Terry Hughes ya ba da lissafi a mujallar Science a 1994: murjani da ke rufe fiye da rabin duwatsun a ƙarshen shekarun 1970 ya koma ƙasa da kashi 5, ciyawa kuma ta tashi daga kashi 4 zuwa 92.

Masu tanki sun ɗauki darasin da hannu biyu, har suka wuce gona da iri. Shaguna suka fara sayar da abin da suke kira 'yan shara a dunƙule: dodannin koɗi iri-iri, ƙaguwa mai aron gidan dodon koɗi, koriyar ƙaguwa mai fasa ƙwallayen gansakuka, bushiyar teku, da rawayan kifin Hawai mai wuni yana tsinkar kore. An riƙa ba mutane shawarar dodon koɗi guda ga kowane galan, lissafin da ya fi amfanar mai shago, domin da sun share tankin sai yunwa ta kashe su a dawo a sayi wasu. Wani bincike da Andrew Rhyne da abokansa suka wallafa a 2009 ya nuna ana kwashe miliyoyin irin waɗannan halittu kowace shekara daga ruwan Florida, kuma mafi yawansu masu kiwo ne, wato ma'aikatan da duwatsun Florida ke buƙata don kansu.

Walter Adey na cibiyar Smithsonian a Washington ya dubi abin ta wata fuska. Ya yi shekaru yana nazarin duwatsun murjani a Karibiyan, ya lura cewa wata gajeriyar gansakuka da ke shimfiɗe a inda igiyar ruwa ke dukan dutse tana girma da saurin ban mamaki, masu kiwo kuma suna aske ta kullum. Sai ya ce a ba ta ɗakinta. Ya shimfiɗa raga a faranti a wajen tanki, ya sa fitila mai ƙarfi a kai, wani bokiti yana cika yana tuntsurewa yana watsa mata ruwan tankin kamar igiya. Gansakuka ta taru a ragar ta shanye takin, a kankare ta a zubar duk bayan 'yan kwanaki. Da wannan ya riƙe tankin murjanin da aka buɗe wa jama'a a gidan tarihin halittu na Smithsonian a 1980. Babban tankin Townsville a Ostireliya, mai cin lita miliyan biyu da rabi, da wannan tsari aka buɗe shi a 1987, ko da yake daga baya an cire ragogin an koma na'urar kumfa, don aikin kankara ya yi yawa kuma ruwan yana yin rawaya. Dabarar ta fi samun gindin zama a wajen sana'ar, inda ake tace ruwan koguna da na gonaki da ita.

Masu tankin gida sun fi son mai aikin da ke da kyan gani, kuma sun same ta a ciyawar Caulerpa. Tankunan Holan da George Smit ya tallata wa Amurkawa a 1986 cike suke da ita, koriya shar mai ganye kamar gashin tsuntsu. Tana shan taki da sauri, kifi ba sa cin ta sosai saboda wata guba da ke jikinta, ɗan guntunta kuma ya isa ya kafa sabuwar gona. Halitta ce mai ban al'ajabi: duk tsawonta, da saiwa da kara da ganye, ƙwayar halitta ɗaya ce babu shamaki a ciki. Wajen 1980 ma'aikatan gidan namun daji na Wilhelma a Stuttgart suka lura da wani iri na Caulerpa taxifolia da ya fi sauran ƙarfi, ba ya yaushi, kuma yana jure sanyi. Kamar yadda aka saba tsakanin gidajen kifi, suka yi kyauta da shi. Ya je Nancy, ya je Paris, ya isa gidan nazarin teku na Monako, wanda aka gina a kan dutse, tagoginsa suna kallon Bahar Rum.

A 1984 aka ga wani ɗan fili nata, kimanin murabba'in mita ɗaya, a cikin teku daidai ƙarƙashin ginin. An ɗauka sanyin hunturu zai kashe ta, tunda ciyawar ƙasashe masu zafi ce. Da Alexandre Meinesz, malami a jami'ar Nice, ya nutsa wurin a 1989, ya tarar ta rufe kusan hekta guda. A 1990 ta ɓulla a Cap Martin a gaɓar Faransa, a 1992 ta isa Italiya da tsibirin Mayorka na Sifen, sai Kuroshiya, sai Tunisiya. Ba iyo take yi ba, ɗaukarta ake yi: guntu ya maƙale a ƙugiyar jirgin ruwa ko a komar masunci, ya yi kwanaki da rai a cikin danshi, a jefa shi a wata tashar. Zuwa shekarar 2000 an ƙiyasta ta shafi kimanin hekta 13,000 a ƙasashe shida. Tana hawa dutse da yashi da laka, tana kutsawa cikin gonakin ciyawar Posidonia inda ƙananan kifayen Bahar Rum ke girma.

Abin da ya fi ciyawar saurin yaɗuwa shi ne gardama. Meinesz ya rubuta wa hukumomi, ya yi magana da 'yan jarida, jaridu suka laƙaba mata ciyawa mai kisa. Shugaban gidan nazarin na Monako a lokacin, François Doumenge, ya musanta cewa daga tankunansu ta fito. Aka kawo hujjar cewa wata ciyawar ce daban da ta shigo daga Bahar Maliya ta mashigin Suwez, aka ce ma tana da amfani don tana tsiro a wuraren da ƙazanta ta kashe. Shekaru suka tafi a kan wannan musu, alhali lokacin da take murabba'in mita ɗaya mai nutso guda zai iya tuge ta kafin azahar. Sai a 1998 binciken ƙwayoyin gado da Olivier Jousson da abokansa suka yi a Geneva ya nuna cewa ta tekun da ta tankunan Turai abu ɗaya ne. Bincike na gaba ya kai asalinta gaɓar gabashin Ostireliya, wajen Brisbane, inda ruwa ke yin sanyi da hunturu. Meinesz ya rubuta littafi a kan lamarin a 1997, kuma rabinsa ƙorafi ne kan jan ƙafar hukumomi.

An gwada tuge ta da hannu, an gwada gishiri, an gwada jan ƙarfe, an yi shawarar sako wata tsutsar teku daga Karibiyan mai cin ta, aka fasa don tsoron gyara ya zama ɓarna. A gandun ruwa na Port-Cros a Faransa an yi nasara mai ɗorewa, inda masu nutso ke bin ƙasan teku kowace shekara suna cire duk abin da suka gani. Sai kuma, bayan shekarar 2000 da 'yan kai, ciyawar ta fara ja baya da kanta a wurare da yawa, har ta ɓace daga wasu. Wani masani, Jean Jaubert, wanda ya daɗe yana cewa an zuzuta haɗarin kuma an kumbura alƙaluma, ya samu abin faɗa. Amma kafin nan wata 'yar'uwarta, Caulerpa cylindracea, ita ma daga Ostireliya, ta mamaye wurare fiye da nata.

Amurkawa sun karanta labarin kafin ya iso su. Sun sa irin na Bahar Rum cikin jerin ciyayin da aka haramta shigowa da su a 1999. A watan Yuni na 2000 masu nutso da ke duba ciyawar ruwa a tafkin Agua Hedionda, a Carlsbad ta jihar Kalifoniya, suka ci karo da ita, sannan aka gan ta a Huntington Harbour. Zaton da ya fi ƙarfi shi ne wani ya juye tankinsa a magudanar ruwa. Cikin kwana 17 aka fara aiki. Aka lulluɓe kowane fili da baƙin tamfol, aka danne gefensa da buhunan yashi, aka tura kulorin a ƙarƙashi ya kashe duk abin da ke wurin, mai laifi da marar laifi. Masu nutso suka yi shekaru suna bin laka taku-taku a ruwan da mutum ba ya ganin tafin hannunsa. An kashe fiye da dala miliyan 7, aka bayyana an gama da ita a 2006. Jihar ta haramta sayarwa ko mallakar nau'i tara na Caulerpa a 2001. Duk da haka a 2021 wani nau'in, Caulerpa prolifera, ya ɓulla a mashigin Newport, a 2023 kuma a na San Diego.

A cikin gidaje, Caulerpa ta riga ta fara rasa farin jini saboda wani halinta: takan wayi gari ta yi fari ta narke gaba ɗaya, ta mayar wa ruwa duk takin da ta sha. Wadda ta gaje ta ita ce Chaetomorpha, dunƙulen koren zare mai kauri da ba ya kama dutse. Ana ajiye ta a ƙaramin tanki a ƙarƙashin babban, a kunna mata fitila da dare lokacin da na sama ke kashe, in ta cika a yage rabi a zubar a kwandon shara. A farkon shekarun 2000 wasu Jamusawa suka fara ɗiga barasar vodka a tanki, wasu sukari ko binega, don bakteriya su yawaita su cinye takin, na'urar kumfa ta kwashe su. Da wannan da tsakuwar tsatsa da matatar ruwa, a karon farko mai tanki ya iya sauke naitiret da fosfet har abin awo ya nuna sifiri.

Sai aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. A tankunan da aka fi tsaftacewa murjani ya koɗe ya daina girma, domin gansakukar cikinsa ita ma tana buƙatar ɗan taki. Kuma da koriyar ta mutu da yunwa ta bar fili, wata halitta mai ruwan ƙasa da yauƙi, mai riƙe ƙananan kumfa a jikinta, ta mamaye yashi da duwatsu. Dinoflagellate ake kiran danginta, dangi ɗaya da zooxanthellae ɗin da ke cikin murjani. Wasu nau'o'inta, irin su Ostreopsis, suna da gubar da ke kashe dodannin koɗin da aka saya don shara, kuma sauya ruwa sau da yawa ƙara mata ƙarfi yake yi. Masu fama da ita sukan naɗe tankin da baƙar leda na kwana uku, iyakar abin da suke ganin murjani zai jure ba tare da ya wahala ba, su bi da ruwan ta cikin fitilar da ke kashe ƙwayoyin cuta, sannan su ƙara wa kifi abinci da gangan. Kamfanonin da suka yi shekaru suna sayar da maganin cire naitiret da fosfet yanzu suna sayar da su biyun a kwalba, da bayanin yawan da za a ɗiga wa kowace lita ɗari.